Za Mu Tashi Daga Birni

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Yaya amarya? Na san ta haura shekara goma a gidanka, amma tunda kai ne ka hana a sauke mata sunan, ni ma ba zan sauke ba. Yaya yara? Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Shirun nan ya yi yawa, kuma laifina ne, na karɓa. Bari in ba ka labarin da ya cika min ciki: za mu tashi daga birni. Mai gidan da muke haya ya sake ƙara kuɗi, karo na uku ke nan cikin shekara huɗu, ga shi ɗaki biyu sun yi mana kaɗan. Babbar ta shiga shekara tara, ba zai yiwu ta ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta maza ba. Aikina yana nan, ba zan bar shi ba, uwargida ma haka. Sai dai mu samu wani gari a gefe, mu riƙa shigowa da safe muna komawa da yamma.

Mun yi ta yawo har wata biyu, a ƙarshe garuruwa biyu suka rage. Ɗaya na kusa, jirgin ƙasa yana bi ta cikinsa. Ɗaya na nesa, sai da mota. Gidan da muka gani a na nesan, wallahi da ka gan shi da ka ce in biya a ranar. Ɗaki huɗu, tsakar gida mai faɗi, ga wata ƙatuwar bishiya da autanmu ya rungume ya ƙi saki. Kuɗin hayarsa bai kai na wannan ƙuntataccen da muke ciki ba. Ranar Lahadi muka je, hanya fayau, minti 50 muka yi. Muna dawowa ina ta lissafin inda za a sa gadon kowa. Uwargida ba ta ce komai ba sai da muka shiga gida, sannan ta ce, "Ka gwada hanyar nan ranar Litinin tukuna."

Na gwada. Na kwana a can, na fito ƙarfe shida da rabi na safe, ban zauna a kujerar ofis ba sai takwas da 'yan mintoci. Da yamma abin ya fi muni, don kowa lokaci ɗaya yake fita daga birnin. Da na tsaya a ƙofar gidan nan mai bishiya na duba agogo, lokacin barcin autan ya riga ya wuce. Na daɗe a cikin motar ban fito ba. Ka yi lissafin da kanka, kai da ka fi mu iya lissafi tun muna aji, ko da yake rabinsa daga littafina kake kwafa. Awa uku a rana, awa 15 a mako. A shekara, in ka cire hutu ka bar mako 48, awa 720 ke nan. Kwana 30 cur, dare da rana, mutum yana zaune riƙe da sitiyari yana kallon bayan motar wani. Na kusan kuwa, daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis minti 40 ne, wato awa 320 a shekara. Awa 400 ce tsakaninsu, kuma ba daga lokacin aiki za a yanke ta ba. Daga safiyar yaran da yammacinsu za ta fita.

Ƙanin uwargida, wanda ya karanta tsara birane, ya zo ya same ni da takarda cike da lambobi, ya yi dariya ya ce ai an riga ni. Ya ba ni labarin wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, wanda ya rubuta a 1994 cewa tun zamanin da, ɗan Adam kusan awa ɗaya yake kashewa a tafiye-tafiyensa na yini, rabin awa zuwa, rabin awa dawowa. Lokacin da ƙafa ce abin hawa, mutum yana cin kilomita biyar a awa, shi ya sa tsofaffin birane ba sa wuce kilomita biyu da rabi daga tsakiya zuwa ganuwa. Da aka samu jirgin ƙasa da mota sai biranen suka buɗe, amma awar nan ta tsaya inda take. Ni kuma ga ni ina shirin ɗora wa kaina ninkinta uku. Ya ƙara min da binciken wasu masana tattalin arziki biyu 'yan Suwizalan, Stutzer da Frey, da ya fito a 2008. Sun bi bayanan dubban mutane a Jamus, suka ga waɗanda tafiyarsu zuwa aiki ta fi tsawo sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu, kuma babban gida ko albashi mai tsoka ba ya cike giɓin. Wannan ya shige ni sosai, don daidai cinikin da nake shirin yi ke nan. Gida abu ne da ido ke gani a take, yana burge ka mako biyu ka saba da shi. Cunkoson hanya kuwa ba a sabawa da shi, don kullum da irin fuskar da yake zuwa da ita.

Akwai na ukun da ya faɗa da gangan a gaban yayarsa: wata mai bincike a jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin, Erika Sandow, ta gano cewa ma'auratan da ɗayansu ke doguwar tafiya zuwa aiki sun fi fuskantar haɗarin rabuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Uwargida ta kalle ni kawai. Kai da kake fita tun duhu kana dawowa da duhu, ka karanta wa amarya wannan layin in kana da ƙarfin hali.

Af, kafin in manta. Mutumin nan mai jar mota ya sayar da ita! Na rantse. Na haɗu da shi a tasha yana jiran bas, ya ce likita ne ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Ban ja maganar ba. Ya tambaye ni kai, ya ce har yanzu yana jiran cajar da ka ara. Shi kuma mutuminmu dogon nan ya samu ƙarin girma, yanzu sai ka kira sau uku kafin ya ɗauka, amma da ya ji za mu tashi shi ya fara cewa zai zo ɗaukar kaya. Halinsa na kirki yana nan.

To, mu koma. Bayan maganar hanya sai na canza yadda nake duba gari. Na daina shiga gidaje, na koma tsayawa a bakin titi. Na je ƙofar makarantar firamare ta kowane gari da ƙarfe bakwai da rabi na safe, na tsaya ina kallo. A na kusan, yara ne ke tahowa a ƙasa, biyu-biyu uku-uku, manya riƙe da hannun ƙanana, ga wurin tafiyar masu ƙafa a gefen titi, ga tudun rage gudu a gaban makarantar. A na nesan, babbar hanya ce ta raba unguwar da makarantar, manyan motoci na wucewa kamar iska, kowane yaro sai an sauke shi da mota. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudun mota ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane da motoci ke cuɗanya, don daga nan zuwa sama damar tsira ga wanda aka buge tana raguwa da sauri. Abin da na gani a hanyar nan ya ninka haka. Tsakar gida mai faɗi ba ta da amfani in yaro ba zai iya leƙa waje shi kaɗai ba har ya girma.

Sai asibiti. Ka tuna bara da aka kira ni daga makaranta, na tsakiyan ya yi zazzaɓi har ya fara sanƙarewa? Minti 20 na yi na isa, kuma har yau in na tuna minti 20 ɗin nan gabana faɗuwa yake. Ka ɗauka muna can, ni da uwarsa duk muna birni, awa ɗaya da rabi tsakaninmu da shi, ba mu san kowa ba. Wa zai ɗauke shi? Na tambaya a na nesan, ƙaramin asibitinsu yana rufewa da yamma. Na kusan yana da wanda ke karɓar gaggawa dare da rana. Daga nan zuciyata ta gama yanke hukunci, sauran duk neman hujja ne.

Wani abu kuma da na lura da shi: na zaga garin nesan da ƙarfe sha ɗaya na safe ranar aiki, tsit, kamar an share mutane. Gidaje sababbi reras, ƙofofi a kulle. Garin kwana ne kawai. Surukin nawa ya ce wannan tsohuwar matsala ce. Wani Bature, Ebenezer Howard, tun 1898 ya kawo shawarar a gina ƙananan garuruwa masu lambuna a wajen manyan birane, kowanne da mutum kusan 32,000, da aikin yi a cikinsa don kada kowa ya yi doguwar tafiya. Aka gina Letchworth a 1903, aka gina Welwyn a 1920, duk arewa da Landan. Amma da tafiya ta yi tafiya, mutane da yawa a cikinsu suka koma bin jirgi zuwa Landan kullum. Ni dai abin da na ɗauka shi ne in nemi garin da ya riga ya zama gari kafin mu zo, mai tsofaffi zaune a ƙofar gida da rana, waɗanda za su san fuskar 'ya'yana.

Kada ka ɗauka na kusan ba shi da aibi. Gidan ɗaki uku ne, tsakar gidan ba ta wuce a shanya kaya ba, hayar kuma ta fi ta nesan sosai. Sai da na haɗa kuɗin mai, da gyaran mota, da mota ta biyu da dole sai mun saya wa uwargida in can muka je, sannan na ga bambancin ya kusa ɓacewa. Akwai wani gidan da ya fi arha dab da tasha, na je da daddare na tsaya, jirgi ya wuce har tagogi suna rawa, na haƙura. Wanda muka zaɓa tafiyar minti goma ce a ƙasa zuwa tashar. Na kuma duba lokacin jirgin ƙarshe, saboda ranakun da aiki ke riƙe ni. Na tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga gidaje in an yi ruwan sama mai ƙarfi, don dillali ba zai taɓa faɗa maka wannan ba. Makarantar ma ta ce akwai gurbin biyu, na ukun sai sabon zango.

Abin da ke hana ni barci yanzu babbar ce. Tun da muka faɗa musu ta daina surutu. Shekaranjiya na same ta tana rubuta sunayen ƙawayenta a bayan littafi, wai don kada ta manta su. Na ce mata ai minti 40 ne kawai, za mu riƙa zuwa. Ta ce, "Baba, su ba za su zo ba." Na rasa amsar da zan ba ta. Kai da ka tashi da naka lokacin babban yana kusan shekarunta, yaya ka yi da shi? Wata nawa ya ɗauka kafin ya sake? Ka faɗa min gaskiya, ban da irin amsarka ta "ai yara ne".

Ƙarshen wata za mu sa hannu in Allah ya yarda, mu tashi lokacin hutun makaranta. Ɗaki na ukun na maza ne, amma in ka zo za su koma falo, don haka ba ka da sauran uzuri. Ka gaida amarya da yara, ka gaida Baba da kyau. Uwargida tana gaishe ku, ta ce a tuna wa amarya alkawarin hotunan nan.

Naka har kullum,
abokinka.