Godiya ga dillalan da ke nuna aibin mota kafin a yi ciniki

Zuwa ga Manaja da ɗaukacin ma'aikatan filin dillancin motocin shaƙatawa na hannu da muke hulɗa da shi a Houston, jihar Texas.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da kasuwa. Mu makanikai ne da masu aikin wayarin da direbobin manyan motoci daga cikin Hausawa mazauna wannan birni. Mu ne 'yan'uwa kan ɗauko idan za su sayi ko su sayar da irin motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda Amurkawa ke kira RV. Mun zaɓi mu yi godiyar a fili, kuma da harshenmu, don duk wanda ke shirin zuba dalolinsa a irin wannan mota ya ga abin da ya kamata ya nema a wurin dillali.

Babban abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne takardar da kuke mannawa a gilashin kowace mota da ke filinku, wadda ke ɗauke da aibinta a rubuce tun kafin wani ya ce nawa. La'adarku tana hawa ne da hawan farashi, amma duk da haka kuna rubuta cewa rufi ya taɓa yoyo ko tayoyi sun tsufa. Wanda ya san harkar dillanci ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baƙo a wannan harka yakan fara da leƙa mitar tafiya. Ya ga mil 30,000 a motar da ta shekara goma, sai ransa ya yi fari, ya ce ai sabuwa ce. To, injin irin Ford V10 mai lita 6.8 da ke cikin yawancin motocin aji C (matsakaitan RV masu gado a saman kan direba) na waɗancan shekarun ba shi ne ke fara mutuwa ba. Ɗakin da aka ɗora a bayansa shi ke mutuwa, kuma ruwa ke kashe shi. Rufin shimfiɗar roba ce a kan siririn katako, an huda ta a wurare da yawa: wurin na'urar sanyaya ɗaki, wurin tagogin sama, bututun numfashin tankuna, eriya, da ƙafafun tsani. Kowace huda an zagaye ta da danƙo, shi kuwa danƙon rana ce ke cinye shi har ya tsage. Tsaga kamar ta farce ta isa. Ruwan ba ya ɗiga a kan gado a gan shi. Bin cikin bango yake yi a hankali, damina bayan damina, har katakon ya ruɓe.

A nan muka fi yaba muku. Ma'aikacinku yana kafa tsani ya ce mai saye ya hau da kansa, a bi kowane layin danƙo da yatsa, a taka ko'ina a ji inda ya yi laushi. A ciki kuma kuna kawo na'urar auna danshi ku bi kusurwoyin sili, da cikin kabad na sama, da ƙarƙashin tagogi, musamman gadon da ke saman kan direba, domin can ne motocin aji C suka fi shan ruwa. Katako in danshinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari, ruɓa ta samu wurin zama. Sannan kuna tsayar da mutum a gindin motar ya kalli tsawon bangon daga gefe, lokacin da rana ta karkata. Idan fatar bangon ta kumbura ko ta yi tudu da kwari, manne ya saki ke nan, ruwa ya raba ta da katakon da ke ƙarƙashi. Gyaran wannan yakan ci kuɗin da ya kusa darajar tsohuwar mota, kuma mu da muke riƙe da sifana ba ma ba kowa shawarar ya saya da niyyar zai gyara.

Sai tayoyi. Motar shaƙatawa ta fi zama a ajiye, don haka zanen tayarta yakan kasance da zurfi kamar jiya aka saka, alhali robar ta bushe. Shekarun taya suna rubuce a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Kamfanin Michelin kansa ya ce daga shekara biyar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, kuma kada ta wuce goma ko da kyanta; a zafin Texas da yawanmu ba ma kaiwa bakwai. Motar aji C tayoyi shida gare ta, huɗu a baya, kuma lambar na cikin sau da yawa tana fuskantar ƙarƙashin mota. Mun ga yaronku yana shimfiɗa kwali ya kwanta da tocila ya karanto duk shidan, ya rubuta. Lambar tayoyin waje kawai yawancin masu sayarwa suke nunawa. Tayar baya in ta fashe a babbar hanya ba ita kaɗai take tafiya ba, tana yage bututun ruwa da wayoyin da ke samanta.

Wata al'adarku da ke nuna kun san aiki ita ce kunna firji tun daren jiya idan an yi alƙawarin zuwa dubawa. Firjin Dometic ko Norcold na irin waɗannan motoci ba shi da kwamfiresa, zafi ne ke juya sinadarin amoniya a cikin bututu, kuma yana ɗaukar awanni masu yawa kafin ya yi sanyi. Wanda ya kunna maka shi a gabanka na minti goma bai nuna maka komai ba. Ku kuna ajiye ma'aunin zafi a ciki, a ga ya sauka ƙasa da digiri 40 na Farenhait, a gwada shi da lantarki a kuma gwada da gas. Kuna kuma buɗe murfin bayansa daga waje. Garin hoda rawaya a wurin, ko warin amoniya, alama ce bututun ya huje, kuma irin wannan huda ta sha jawo gobara. Abin da ke kawo ta galibi shi ne barin firjin yana aiki alhali motar na tsaye a karkace.

Gas kuna gwada shi da ma'auni, ba da hanci ba: a ga matsinsa ya kai inci 11 a ma'aunin da ke auna matsi da tsayin ruwa, a rufe tukunya, a sauke shi zuwa 8, a jira minti uku a ga ko zai faɗi. Ruwa kuma a cika tanki, a kunna famfo, a rufe duk kawunan famfo, a yi shiru a saurara. Famfon da ke tashi da kansa bayan 'yan mintuna yana faɗa maka akwai inda ke zuba. Tun sanyin watan Fabrairun 2021 da ya daskarar da Texas, wannan gwaji ya zama dole a nan, saboda motoci da yawa an bar su da ruwa a bututu, ƙanƙara ta tsaga mahaɗai da tankin dumama ruwa.

Janareta ba za mu tsawaita ba. Ƙarancin awanni a mitarsa ba abin murna ba ne, domin kamfanin Onan mai ƙera janaretocin ya ce a riƙa kunna shi awa biyu duk wata da rabin lodi. In ba haka ba fetur ya daskare a kafireto. Kuna kunna shi ku ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki, kuma kuna tunawa ku zuba mai ya wuce kwatan tanki, tunda ƙasa da haka an tsara shi ya mutu don kada ya shanye man tafiya. Mutane da yawa sun ɗauka janareta ya lalace saboda wannan kaɗai.

Ga kuma ƙyale mai saye ya kawo nasa mai duba mota, ko daga cikin masu shaidar NRVIA, ƙungiyar masu duba RV ta Amurka, ko wani makanikin da ya yarda da shi, ku ba shi wuta da ruwa da yini guda. Ba ku taɓa cewa akwai wani na nan tafe da kuɗi a hannu don a gaggauta ba. Cinikin biri a sama ba ya faruwa a filinku.

Ɓangaren takardu shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa rami idan suka yi ciniki kai tsaye da wanda suka gani a Facebook. Kuna haɗa lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke jikin mota da wadda ke kan takardar mallaka, kuna kuma bayyana dalilin da ya sa wani lokaci shekarar shasi kan gaza ta ɗakin da shekara ɗaya: Ford ya ƙera ƙasan, wani kamfani kamar Winnebago ko Jayco ya ɗora saman daga baya. Kuna binciko lambar a NMVTIS, rumbun bayanan takardun mallakar motoci na Amurka, don a ga ko inshora ta taɓa yanke wa motar hukuncin ta tashi daga aiki, abin da ke da muhimmanci a birnin da guguwar Harvey ta nutsar da motoci a 2017.

Bashi kuma shi ne babba. A 2021, lokacin da korona ta rage tafiye-tafiyen jirgi, kamfanoni sun fitar da sababbin RV sama da 600,000 a Amurka, mutane suka saya da tsada bisa bashin shekaru masu yawa. Zuwa 2023 adadin ya faɗo kusan rabi, farashin na hannu ya bi shi. Shi ya sa yau za ka tarar da mai mota banki na bin sa fiye da abin da motar za ta yi a kasuwa. Tsarinku a nan shi ne daidai: ku karɓo takardar ragowar bashi daga banki, kuɗin mai saye ya shiga asusunku, a fara biyan banki, in akwai giɓi mai mota ya cike, banki ya saki takardar mallaka, sannan a ba mai mota abin da ya rage bayan la'ada. Wanda ya miƙa wa mai mota kuɗi hannu da hannu alhali sunan banki na kan takarda, motar da ya saya ta banki ce. Bayan haka kuna cike fom 130-U na neman takardar mallaka a Texas, ku karɓi harajin kashi 6.25 cikin ɗari, ku kammala sauya suna kafin kwana 30 ɗin da doka ta ba da. Kuna kuma gargaɗin masu sha'awar manyan motocin aji A, masu siffar bas, cewa in nauyin da aka rubuta wa motar ya wuce fam 26,000, lasisin ƙaramar mota bai isa ba a Texas.

Masu kawo muku mota ku sayar musu su ma suna da nasu abin godiya. Yarjejeniyar a rubuce take: mafi ƙarancin kuɗin da za a sallama, la'ada nawa, tsawon lokacin da motar za ta zauna, da wanda zai biya wanki da ƙananan gyare-gyare. Ba kwa sallamawa ƙasa da abin da aka yi da ku sai kun kira mai ita. Kuna tuna masa ya tambayi kamfanin inshorarsa, don wasu ba sa biya idan ƙanƙarar sama ta faffasa motar tana filin dillali sai an ƙara wani sharaɗi. Kuma ba kwa sakin makulli sai banki ya tabbatar cak ɗin mai saye na gaske ne, tunda cak na jabu kan ɗauki kwanaki kafin asirinsa ya tonu. Farashi kuwa kuna buɗe jadawalin darajar motoci na kamfanin J.D. Power ku nuna wa mutum, ko da abin bai yi masa daɗi ba.

Roƙo ɗaya muke da shi. Ku ƙara takardar sikeli a cikin abin da kuke mannawa. Shasin Ford E-450 da ake ɗora motocin aji C a kai, iyakar nauyinsa fam 14,500, kuma dogayen motocin da aka ɗora a kansa ba su bar wa kaya wuri mai yawa ba. Galan 40 na ruwa kaɗai ya haura fam 330, ga iyali, ga tukwane, ga buhun shinkafa, domin mu ba ma tafiya da gwangwani biyu. Lambar da ke kan takardar rawaya a bakin ƙofa ta ranar da motar ta fito daga masana'anta ce, ba ta san da ƙarin batura ko janareta da mai ita na baya ya saka ba. Sikelin CAT yana nan a gidajen man manyan motoci, kuɗinsa kaɗan ne, kuma zai nuna nauyin gaba da na baya dabam.

Allah ya ƙara kasuwa, ya ba ku lafiya.

Naku,
Wasu makanikai da direbobi Hausawa mazauna Houston