Zuwa ga Iyaye: Littattafan Baba Malam Su Dawo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayen yara da masu riƙonsu, barkanku da ƙoƙari. Ya sanyi, ya hidimar gida? Allah ya raya mana su.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro wannan karon, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Kun san Baba Malam, ba sai na gabatar da shi ba. Da yawa daga cikinku a hannunsa kuka koyi baƙi da wasali. Ya shigo aikin koyarwa zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976, ya cika shekara 35 ɗinsa ya yi ritaya. Wani in ya ajiye alli sai inuwar dalbejiya da rediyo. Shi kuwa har gobe da asuba, bayan ya dawo daga masallaci, sai ya shimfiɗa tabarma ya buɗe littafin rubutunsa. Na ga waɗannan littattafai da idona: wani shafin da boko, wani da ajami, gefe-gefe duk gyara da jan biro, kamar yana duba aikin ɗalibi. A ciki akwai labarin shekarar fari, da yadda ya yi haƙuri da jiran fansho, da abin da ya fahimta game da yaron da ake cewa daƙiƙi alhali yunwa ce ke damunsa.

A farkon zangon nan ya sa aka ɗauko adaka biyu a baro aka kawo mana. Littattafan da ya tara ne tun yana saurayi, ya kare su daga gara da ɗigar damina shekara da shekaru. Akwai Magana Jari Ce juzu'i uku, akwai tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, takardarsu ta yi ja har sai an ɗaga shafi da yatsa biyu. Bai nemi ko sisi ba. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya riƙa zuwa ranar Laraba bayan tara, ya zauna da 'yan aji huɗu zuwa shida, kuma a bar yara su tafi da littafi gida na mako ɗaya.

Ni kaina nakan tsaya bakin taga in saurara. Ranar nan yana ba su tarihin gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labaran Hausa na farko da boko. Ya nuna musu cewa Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, malamin makaranta ne a Bauchi tun kafin ya zama Firayim Minista. Sai ya cire tabarau ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da kakarsa ta taɓa gaya masa. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta cika shafi guda.

To ga inda gizo ke saƙar. Littattafan da aka ara tun makon farko, har yau wasu ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo kuma, ɗaya ya sha manja, ɗaya babu bango, ɗaya an yage shafukan tsakiya. Da na matsa wa yaron, sai ya ce a gida aka ƙunshe ƙosai da su. Haba jama'a! Da na kai wa Baba Malam littafin, bai ce uffan ba. Ya daɗe yana shafa wurin da aka yage da babban yatsa, sannan ya tambaye ni ko muna da gam a ofis. Wallahi gara da faɗa ya yi mini.

Ban ɗora wa yara laifin duka ba. Yaro bai san darajar abin da bai ga babba ya daraja ba. Don haka ina roƙonku, yau ɗin nan a duba ƙarƙashin katifa, saman kwaba, cikin jakar Islamiyya. Kowane littafi yana da hatimin makaranta a shafin farko. A dawo da shi ranar Litinin ko a wane hali yake, ba za a daki kowa ba. Wanda ya wuce Litinin, mahaifinsa zan kira, ba yaron ba. Sunaye na nan a rajista, godiya ga Malamar aji biyar, wadda ta zauna ranar Asabar ɗinta ta rubuta kowane littafi, ta yi musu bango da kwalin da ta saya da kuɗinta. Allah ya saka mata. Da ma sauran malamai za su yi koyi.

Ba za mu daina bayar da aro ba. Baba Malam da kansa ya hana. Amma daga yanzu sai uba ko uwa ta sa hannu ko dangwale. Kuma in littafi ya zo gida, ku ce yaro ya karanta muku bayan Isha'i ko na minti goma ne, ko da ku ba ku yi boko ba. Kunne kawai yake nema.

Sauran abubuwa a taƙaice. Ƙofa na rufewa ƙarfe takwas saura kwata, sanyi ba uzuri ba ne. A sa wa yara rigar sanyi, a shafa musu mai. Masu bashin kuɗin PTA sun san kansu. Jadawalin jarrabawa yana allon sanarwa.

Baba Malam ya amince zai karanta mana wani abu daga rubutunsa a taron iyaye na ƙarshen zango. Tsofaffin ɗalibansa, ku zo da wuri ku kama benci na gaba.

Wassalam.
Naku,
Hedimasta