Kafin ka biya kuɗin tsohuwar Benz, a ɗora ta kan rami

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana na Zango, musamman samarin da Allah ya fara buɗa wa, a kan tsofaffin motocin manya da suke ta saye a nan Kumasi. Ni bakanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota. Aikin Benz na koya tun ina yaro, da shi nake riƙe da iyalina, don haka ba zan ce kada a saya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a zuwa wurinmu sai an riga an biya, an sha addu'ar "Allah ya tsare" a ƙofar masallaci, sannan wata rana a janyo mana motar da igiya.

Dalilin arahar ba ɓoyayye ba ne. Benz mai ido huɗu, wadda kamfani ke kira W210, tsakanin 1995 da 2002 aka ƙera ta. Yau ana sayar da ita ƙasa da kuɗin ƙaramar Toyota, domin kowa Toyota yake bi saboda sauƙin mai da yawan kaya. To amma motar ce ta faɗi, kayanta ba su faɗi ba. Mai shago a Magazine ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, da dala ko yuro ya shigo da su, kuma duk wanda ke kasuwa a 2022 ya ga yadda dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14 kafin ta ɗan sauko. Wanda ya zuba duk abin hannunsa ranar saye, ran da motar ta nemi wani abu sai dai ya lulluɓe ta da tampol a ƙofar gida. Ni a ganina kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ya kamata ya tsaya a aljihu. In ba zai tsaya ba, lokacin motar bai yi ba tukuna.

Kwanakin baya wani yaro daga Aboabo, mai sayar da wayoyi a Adum, ya kawo mini tasa. Baƙa ce wuluk, kujerun fata babu ko tsaga, na'urar sanyi tana aiki. Ya ce, "Masta, wata ƙara kawai nake ji a gaba in na hau kwalbati." Muka ɗora ta kan rami, na shiga da tocila. Ƙarƙashinta duk an shafe da baƙin fenti mai kauri, sabo fil, abin da ba ya taɓa kwantar mini da hankali a motar da ta haura shekara ashirin. Na kai sukudireba wurin da sifirin ɗin gaba ke zama, na ɗan danna, sai ya shige. Tsatsa ta cinye ƙarfen, fenti ne kawai ke rufa asiri. Wannan ciwon W210 ne sananne, daga gishirin da ake zubawa a titunan Jamus da Amurka da Kanada lokacin ƙanƙara. In wurin nan ya ɓalle kana gudu tsakanin Konongo da Nkawkaw, gaban motar zubewa zai yi. Na kira shi ya sauko ramin ya gani da idonsa. Bai ce komai ba sai salati. Mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe, motar tana yawo yanzu, amma da ya zo da ita kafin ciniki, da dillali ya rage masa fiye da kuɗin aikin, ko kuwa ya bar musu kayansu.

Giya kuma, a nan ne ake yi wa mutane yankan da ya fi ciwo, kuma laifin namu ne masu gyara. Giyar atomatik mai hawa biyar da ke cikin yawancin waɗannan motoci tana da wani soket a gefe da ke yoyo in ya tsufa. Mai yana bin cikin waya a hankali har ya kai kwamfutar giyar, sai motar ta maƙale a giya ta biyu ta ƙi canjawa. Wanda bai san ta ba, ko ya sani amma ba ya tsoron Allah, sai ya ce, "Alhaji, giyabos ya mutu, sai an sayo wani." Alhali sau da yawa soket ne da farantin lantarkin da ke ciki, da sabon mai irin nata, da tacewa. Ba kowane jan mai ake zuba mata ba. Kuma maganar cewa ba a canja man giyar har abada, kada a ɗauke ta a ƙasa mai zafi da cunkoso irin tamu.

Haka batun zafi. Da zarar allura ta ɗan hau a cunkoson Kejetia, sai a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo. Mai mota ya ga allura ta kwanta, ya yi godiya har da ƙarin na goro. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa mai yake sha fiye da kima, ruwan famfo kuma yana cin alminiyon kan injin ta ciki. Ciwon gaskiya yana nan inda yake: lagireto ya toshe, ko kulocin fanka ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Ina roƙon 'yan'uwana masu sana'a mu daina wannan.

In an tambaye ni wacce za a saya, wadda ta gabaci W210, wato W124, ta fi juriya. Sai dai na wajen 1992 zuwa 1995 a duba wayoyin injin, domin robarsu tana marmashewa a hannu kamar busasshen ƙuliƙuli. Mai silinda huɗu, E200 ko 230E, ta fi dacewa da aljihun mai neman na kansa. Amma W211 ta farkon fitowa, daga 2002, ina jan kunne sosai a kanta. Birkinta na lantarki ne, SBC, wanda kamfanin da kansa ya cire a 2006, kuma famfonsa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wasu kuma a kan iska suke zaune maimakon sifirin, ka wayi gari ka tarar ta durƙusa. Irin wannan ba a sayenta sai an jona mata kwamfuta an karanta abin da ke cikinta, kuma ba kowace rumfa ke da na'urar ba.

Takardu ma a duba su kamar yadda ake duba inji. Lambar shasi ta jikin mota ta yi daidai da ta takardar kwastan da ta DVLA, hukumar rajistar motoci, kuma a je a canja suna, kada a tsaya kan "ai ɗan unguwa ne". Hukumar EOCO mai yaƙi da manyan laifukan kuɗi ta sha karɓe motocin da aka sato daga Amurka da Kanada a hannun mutanen da suka biya kuɗinsu cif. Lambar tafiyar da ke kan allo kuwa ana mayar da ita baya, sitiyari da fedar birki sun fi ta faɗin gaskiya.

Dillalin da ya ce ba za a kai mota wurin bakanike ba sai an biya, a bar masa ita. Wanda ya yarda, a zo da ita da sassafe inji na sanyi, mai saye ya zo da kansa da rigar da ba ya jin ta ɓaci, domin tare za mu sauka ramin.

Naku,
Wani bakanike,
Suame Magazine, Kumasi