Godiya ga shagon kayan farauta da ya hana ni ɓarnar kuɗi

Zuwa ga dattijo mai shagon kayan farauta da ke bakin babbar hanya mai lamba 6, kusa da dajin Allegheny a arewacin jihar Pensilbaniya, da 'yarsa, da sauran ma'aikatansa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa abin da kuka yi mini a watan Oktoban da ya gabata. Na zaɓi in rubuta ta da Hausa saboda 'yan'uwana mazauna Amurka, waɗanda wasunsu suka fara sha'awar farautar barewa, su san irin mutanen da ya kamata su nema kafin su zuba kuɗinsu a kan madubin saitin bindiga. Ban ambaci sunanku ba, Baba, domin na lura ba ku son a riƙa yayata ku, kuma ɗana ya ɗauki alkawarin zai fassara muku wasiƙar baki da baki idan muka zo.

Kakana maharbi ne, da bindigar toka ya yi zamaninsa, kuma bai taɓa ɗora wani gilashi a kanta ba. Ni kuwa da na zo ƙasar nan, na yi kwas ɗin da hukumar kula da namun daji ta jihar ta wajabta wa duk sabon mafarauci, na karɓi lasisi, na sayi tsohuwar bindiga ƙirar Marlin 336 mai cin harsashi .30-30, sai na ɗauka cewa abin da ya rage mini shi ne in sami madubi mafi girma da aljihuna zai iya ɗauka. Na shiga intanet na sayi wani ƙato mai kusanto da abu daga ninki 6 zuwa ninki 24, gilashinsa na gaba milimita 50, cikinsa cike da layuka da lambobi kamar allon lissafi. A filin gwaji ya burge ni matuƙa, domin ina iya ganin ramin harsashi a jikin takarda daga yadi 100. A cikin daji kuwa sai ya kunyata ni. Wata yamma a lokacin farautar shekarar da ta gabaci wannan, rana ta riga ta faɗi, wani namijin barewa ya fito daga cikin sarƙaƙiya bai fi yadi 30 daga inda nake zaune ba. Na ɗaga bindiga na leƙa, ban ga komai ba sai duhu da wani abu mai ruwan ƙasa da ya cika madubin baki ɗaya, ban san ko kafaɗa ba ce ko cinya ko kututturen itace. Kafin in lalubo inda nake, dabbar ta ɗaga farar wutsiyarta ta shige. Na gode wa Allah da ban taɓa kunamar bindiga ba, domin da na harba, da wataƙila na raunata ta ne kawai ta je ta mutu a inda ba wanda zai amfana da namanta.

Da wannan takaici na shigo shagonku, kuma niyyata a ranar ita ce in sayi wanda ya fi na farkon tsada, domin a tunanina arahar wancan ce ta cuce ni. Na nuna wani da ke cikin akwatin gilashi, wanda kuɗinsa ya haura dala 1,000, na ce a ciro mini. Ba ku ciro ba. Tambayata kuka fara yi a wane irin daji nake zama, da nisan da na taɓa hango barewa mafi tsawo a wurin, da kuma shekaruna. Na ce muku ina shiga ƙarƙashin itatuwan hemlock ne, waɗanda ba sa zubar da ganye ko da sanyi, inda ƙasa ke rufe da ƙananan bishiyoyin laurel masu sarƙewa, kuma da wuya mutum ya hangi abin da ya wuce yadi 60. Na ce shekaruna 54. Kuka yi murmushi kuka ce wanda na nuna madubin kirki ne, amma an yi shi ne domin mai harbi a filayen yammacin ƙasar, inda ake hango dabba daga wannan tudu zuwa wancan, kuma idan kuka sayar mini da shi zan dawo baɗi da irin labarin da na zo da shi yau.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa, domin kun ajiye ciniki kun koyar da ni. Kun ɗauko tsohon madubina kuka miƙa hannu da shi, kuka fuskantar da shi ga fitilar shagon, kuka ce in dubi gilashin baya daga nesa. Na ga wani ɗigon haske a tsakiyarsa. Kuna murza zoben ninkin, ɗigon yana ƙanƙancewa, har ya koma kamar ƙwayar gero lokacin da kuka kai ninki 24. Kuka bayyana mini cewa faɗin wannan ɗigo shi ne iyakar hasken da ke isa ido, kuma ana samunsa ne idan aka raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki: milimita 50 a raba da 24 bai fi milimita 2 da ɗan kaɗan ba. Ƙwayar idon matashi takan buɗe har kusan milimita 7 a cikin duhu, ta mai shekaru irin nawa kuwa takan tsaya wajen milimita 5. Sannan kuka ɗauko wani ɗan siriri ƙirar Leupold, mai ninki 2 zuwa 7 da gilashin gaba na milimita 33, kuka sa shi a ninki 4, ɗigon ya haura milimita 8, wato ya zarce abin da idona zai iya karɓa. A nan na gane cewa ba girin-girin ba, ta yi mai, kuma cewa gilashin da ya fi wannan faɗi ba zai ƙara mini komai a irin dajina ba sai nauyi a kafaɗa.

Kun kuma nuna mini dalilin da ya sa na kasa gano barewar nan. Madubin da ba ya sauka ƙasa da ninki 6 yana matse fage ne ƙwarai, ta yadda a yadi 30 abin da mutum ke gani bai wuce 'yan ƙafafu ba. Ɗan siririn nan kuwa a ninki 2 yana nuna faɗin da ya haura ƙafa 40 a nisan yadi 100, saboda haka a kusa ana ganin dabbar gaba ɗayanta, da reshen da ke tsakaninka da ita, da abin da ke bayanta. Wannan na ƙarshen kuka fi nanata mini, domin a ranar buɗe farauta, wato Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, dajin cike yake da mutane, kuma ba don ado doka ta tilasta wa kowa sanya sutura mai launin ruwan lemo mai ƙyalli da ta kai inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya ba.

Na so in yi gardama a kan hasken, domin har a lokacin zuciyata ba ta yarda cewa ƙaramin abu zai fi babba gani a duhu ba. Ba ku ja da ni ba, kuka ce in je in sha shayi in dawo idan rana ta kusa faɗuwa. Da na dawo kuka fito da ni bayan shagon, inda kuka jingina wani kwali mai ruwan ƙasa a ƙarƙashin itatuwa, kuka ɗora madubai uku a kan buhunan yashi ba tare da bindiga ba. Muka tsaya a cikin sanyi muna leƙawa ɗaya bayan ɗaya har duhu ya fara kamawa. Tsohon nawa shi ya fara yin dishi-dishi, siraran layukansa suka ɓace a cikin rassa. Na dala 1,000 ya fi kowanne haske, wannan gaskiya ce kuma ba ku ɓoye mini ba, amma fifikon da ya yi wa ɗan siririn bai bayyana sosai ba sai da muka wuce minti 30 bayan faɗuwar rana, lokacin da doka ta riga ta haramta harbi. Kuka ce mini ba ku ga dalilin da zai sa in biya kuɗin mintunan da ba ni da izinin yin amfani da su ba. Kun ƙara da cewa abin da ke bambanta madubai a irin wannan lokaci shi ne ingancin gilashi da shafin da ake yi masa, domin gilashin da ba a shafa ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska, alhali madubi ɗaya yana da fuskoki da yawa a cikinsa, kuma kamfanin Zeiss na Jamus ne ya yi rajistar wannan fasahar shafi tun 1935.

Game da zaren saiti, wato alamar cikin madubi da ake ɗorawa a kan abin da za a harba, na so mai jan ɗigo da ke aiki da batir. Kuka ce babu laifi a cikinsa, sai dai batir yakan yi rauni a tsananin sanyi, kuma mutum yakan manta bai kashe shi ba. Kuka ba ni shawarar giciye mai kauri daga gefe huɗu wanda ke sirancewa a tsakiya, irin wanda Leupold ya fito da shi a 1962 da sunan Duplex, domin ko siririn tsakiyar ya ɓace a duhu, masu kaurin nan suna jan ido zuwa inda ya kamata. Na tambayi amfanin ninki 7 tunda a ninki 2 zan zauna, kuka tuna mini cewa tun 2002 jihar ta sa ƙa'ida a kan ƙaho, kuma a yankin da nake shiga sai namiji yana da aƙalla rassa 3 a ƙaho ɗaya kafin ya halatta. Amma nan take kuka gargaɗe ni cewa tabarau na hangen nesa ake ɗagawa domin tantance abin da ke motsi, kada in kuskura in nuna bakin bindiga ga abin da ban riga na san ko mene ne ba.

Ina miƙa godiya ta musamman ga 'yarku, wadda ta ɗaura madubin. Ta sa na koma mota na ɗauko rigar sanyin da nake farauta da ita, mai kauri, na sanya, sannan ta ce in rufe ido in ɗaga bindiga zuwa kafaɗa kamar yadda na saba, in buɗe. Sau biyar muna maimaitawa, tana matsar da madubin gaba ko baya kaɗan-kaɗan, har sai da ya zamana ina buɗe ido nake ganin cikakken da'ira ba tare da na miƙa wuya ba, kuma tsakanin girata da gilashin akwai wajen inci 4, yadda bindiga ba za ta tsaga mini goshi ba idan ta yi shuri. Ta cire dogayen zobban da ƙaton madubin ya tilasta mini sanyawa, ta sa gajeru, kumatuna ya koma ya kwanta a kan ƙotar bindiga. Washegari wani ma'aikacinku ya raka ni filin gwaji, muka fara daga yadi 25 sannan muka koma 100, yana nuna mini cewa kowace ƙara ta maɓallin gyara tana matsar da harsashi rubu'in inci a wannan nisa. Ba a karɓi ko sisi a kan ɗaurin da rakiyar ba, kuma duk abin da na biya, har da zobba da murafe, bai kai rabin kuɗin da na shigo da niyyar kashewa ba.

Shawarar da kuka bi ni da ita har bakin ƙofa ma ta yi mini amfani, cewa kada in hura wa gilashin baya numfashi lokacin da nake jira a cikin sanyi, kuma kada in shigar da bindiga mai sanyi cikin ɗaki mai ɗumi in sake fitowa da ita nan take, domin raɓa za ta kwanta a kan gilashin daga waje ko da an cika cikinsa da iskar naitirojin mai hana raɓa daga ciki.

A rana ta uku ta farautar bana, da asuba, bayan lokacin harbi ya shiga da 'yan mintuna, ƙarƙashin itatuwan yana nan da duhunsa, na ji takun kofato a kan busasshen ganye mai ƙanƙara. Na ɗaga tabarau na ƙirga rassan ƙahon, suka cika. Na ɗaga bindiga, madubi yana ninki 2 kamar yadda kuka ce in bar shi kullum, na ga dabbar gaba ɗayanta, na ga wani reshe da ya gitta ƙirjinta, na ga gangaren ƙasa a bayanta babu kowa. Na jira ta ƙara taku biyu ta wuce reshen, na yi bisimilla na harba sau ɗaya daga nisan da bai wuce yadi 45 ba. Ba ta yi nisa ba ta faɗi. Na ɗaura mata takardar shaida a wurin, na kuma kai rahoto ga hukuma a cikin kwana 10 ɗin da aka ƙayyade.

Uwargidana ta yi dambun nama da wani sashe, ta yi kilishi da wani, mun raba wa maƙwabta da mutanen masallacinmu. Kasonku na kilishi yana nan a ajiye, Baba, an rage masa barkono saboda ku, kuma za mu kawo shi ranar Asabar mai zuwa in Allah ya yarda. Ɗana, wanda ya gama nasa kwas ɗin a bana, zai zo da bindigarsa domin 'yarku ta auna masa nasa madubin.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naku mai godiya,
wani mafarauci Bahaushe mazaunin Pittsburgh