Zuwa ga Ummi, kan maganin da kika ajiye

Assalamu alaikum.

Ummi, da fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara. Babanku na gaishe ku.

Ƙanwarki ta dawo ta ce da safe sai kin tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin ki iya buɗe fulas. Ta ce kin ajiye methotrexate, maganin amosanin gaɓɓai da likita ya ɗora ki a kai, kin koma ƙwayoyin man kifi da wata ke talla a WhatsApp, kin kuma hana man gyaɗa shiga gidanki, wai shi ya jawo miki ciwon. Kada ki ga laifinta, ni na tsare ta.

Zancen man gyaɗa na san da wa kike. Da shi na rene ku gaba ɗaya, ban kuma cuci kowa ba. Irin amosanin gaɓɓanki, garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar gaɓoɓi, kuma kin san ta ɗakin da ya biyo.

Abin da kika ji akwai ƙamshin gaskiya. Omega-6 da omega-3, nau'o'in mai ne da ke cikin abinci, duk jiki na buƙatarsu, ba ya kuma ƙera su, sai an ci. Man gyaɗa da na riɗi da na auduga suna da omega-6, omega-3 kuwa kusan babu. Daga omega-6 jiki ke haɗa wasu sinadaran da ke hura kumburi, shi kuma omega-3 na kifi, wato EPA da DHA, yana rage musu kaifi. To abin yi shi ne ki ƙaro wanda ya yi ƙaranci. Ki ci titus, ko shawa, ko sadin na gwangwani, sau biyu a mako, a gashe ko cikin miya. Tarwaɗa da karfasa nasu kaɗan ne, duk daɗinsu. Ki rage soye-soye, man da aka maimaita har ya yi baƙi a zubar da shi.

Ƙwayoyin kuma, duba bayan kwalbar. Gama-garin ƙwaya mai miligiram 1000 ba ta wuce 300 na EPA da DHA, alhali masu irin ciwonki sai sun kai wajen giram 2.7 kullum, wata biyu zuwa uku, kafin a ga sauƙi. Ƙwaya tara ke nan a rana. Mai tallar ta faɗa miki haka? Sauƙin ma na sandarewar safe ne da raɗaɗi, wataƙila ki rage diclofenac, maganin raɗaɗin nan mai cin ciki da ƙoda. Man kifi ba ya hana ciwon ya ci ƙashi.

Wannan shi ke hana ni barci. Hannun Goggo nake gani, Ummi. Ke kike ba ta fura a baki, ke kike ɗaura mata zane, ke kike ja mata carbi. Ita ba ta tarar da maganin ba, ke kin samu kin jefa a durowa. Ɓarnar nan tun shekaru biyun farko take somawa, yatsan da ya karkace kuma ba ya miƙewa, ko kifin Argungu duka kika cinye. A aikin jinya na tsufa, a ce 'yar cikina ta bar likita ta bi mai talla? Da iliminki? Kin ba ni kunya, ba zan ɓoye miki ba.

Amma na san ki, ba kya abu haka kawai. In maganar haihuwa ce, in kuma daga can ake matsa miki, kin yi daidai da kika ji tsoro, don methotrexate na cutar da juna biyu. Sai dai likita ake gaya wa, ya tsara lokacin dainawa, ya canza miki zuwa irin su hydroxychloroquine ko sulfasalazine. Man hantar kifi kuma ki kiyaye shi, bitamin A ɗinsa in ya yi yawa illa ne ga ɗan tayi.

Ki koma asibiti cikin makon nan, ki tafi da kwalbar ki nuna masa. Na ba direba kuɗin kifi da daddawar da kika ce. In kin fito ki kira ni da kanki, ba saƙon murya ba.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.