Kafin ka rubuta sharhin fim ɗin nan

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Na ji an ba ka sharhin fim ɗin nan na Amurka, wanda soja ya dawo daga yaƙin Iraƙi, aka yi kisan kai, 'yan sanda suka shiga bincike. Na yi maka murna, amma ka saurare ni kafin ka ɗauki alƙalami.

Irin wannan fim da tambaya ɗaya yake riƙe mai kallo: wa ya yi kisan? Ita ce ke hana mutum tashi daga kujera, ba laifi ka yaba yadda aka ƙulla ta. Sai dai in a kanta sharhinka ya tsaya, to ka bar jaki kana dukan taiki.

Cikin gidan sojan nake so ka zuba ido. Duba inda yake zaɓar zama in sun fita cin abinci, ko kusurwa yake nema ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Duba hannunsa a kan sitiyari in ya hango kwali a gefen titi, domin bayan mamayar da aka yi wa Iraƙi a Maris 2003, bama-baman da ake binnewa a bakin hanya sun hallaka sojojin Amurka da yawa, wanda ya tsira kuwa jikinsa ba ya mantawa. Sannan ka dubi matarsa. Shin an nuna ta tana rufe ƙofa a hankali, tana yi wa yara alama da ido su rage murya, tana kwance ido biyu tana jin yana zabura cikin barci? Ko kuwa an ajiye ta ne kawai ta yi kuka in labari ya buƙaci hawaye? A nan nake gane fim ɗin da ya san abin da yake faɗa. Ni uwa ce, kuma ba na yafe wa fim ɗin da ya mai da matar soja kayan ado.

Ka san cewa ciwon firgicin nan da ke bin soja bayan yaƙi ya girmi yaƙin Iraƙi. Tun 1915 wani likitan Birtaniya, Charles Myers, ya rubuta a mujallar likitanci ta Lancet labarin sojoji uku da ganinsu ya raunana, suka daina jin ƙamshi da ɗanɗano, suka manta abin da ya same su, bayan bam ya tashi kusa da su. A yaƙin nan na duniya na farko, Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu da tsoro, ba a yi musu afuwa ba sai 2006. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuwa sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ta shigar da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali cikin kundinta na cututtuka. Saka ko da layi ɗaya na wannan tarihi, mai karatu ya san ba ƙirƙirar masu fim ba ce.

Abin da nake jin tsoro shi ne fim ya bar mutane da tunanin cewa duk wanda ya dawo daga fagen daga abin gudu ne. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa taɓa kowa, su ne ma ke cin wuya, ga rashin barci, ga kaɗaici, wasu har giya ta kama su. In fim ɗin ya shafa musu baƙin fenti, ka faɗa ƙarara, domin akwai 'ya'yan sojoji cikin masu karanta ka. In kuma ya wanke mai laifi da sunan ciwo, ka tuna wanda aka kashe shi ma yana da uwa. Ka kuma tambaya ko an bai wa mutanen Iraƙi fuska da suna, ko inuwarsu kawai ake gani ta tagar motar yaƙi.

Kalle shi sau biyu, na biyun don ka ji inda aka yi shiru da inda aka cusa kiɗa don a tilasta maka tausayi. Kada ka tona ƙarshen labarin. In ka gama, turo mini in karanta kafin a buga.

Allah ya yi maka albarka.

Ummanka