Amsa ga Ɗalibar Likitanci Kan Launin Fata a Takardun Asibiti

Assalamu alaikum, ƙanwata.

A taron da aka yi kan adalci a harkar lafiya kin miƙe kin tambaye ni: tunda masana sun ce launin fata bai raba jikin ɗan Adam gida-gida ba, me ya sa nake goyon bayan asibitoci su ci gaba da rubuta shi? Kin ce ko dai a riƙe shi, ko a watsar baki ɗaya. Ga amsata.

Wuri biyu launin fata ke shiga aikin lafiya, kuma daga guda ɗaya nake so a kore shi, wato lissafin da likita ke yi a kan jikin majiyyaci. Dubi ƙoda. Tun 1999 a Amurka, idan an auna kiriyatinin (dattin da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace shi) a jini don a san ƙarfin aikin ƙoda, sai a ƙara wa baƙar fata maki. A tsarin 2009 ƙarin ya kai kusan kashi 16 cikin ɗari, bisa zaton wai baƙaƙe sun fi tsoka. Sai ga mutum ƙodarsa tana lalacewa, takarda tana cewa da sauranta. A makara wajen tura shi ga ƙwararre, a makara wajen sa shi a layin jiran dashen ƙoda. Sai a 2021 ƙungiyoyin likitocin ƙoda suka ce a cire wannan ƙarin, a 2023 kuma aka umarci cibiyoyin dashe su mayar wa baƙaƙe lokacin jiran da suka yi asara. Wasu ba su kai ga ganin wannan gyara ba, abin da har yau ke ci mini rai. A awon huhu ma a 2023 aka ba da shawarar daina irin wannan lissafi.

Ki duba su wa aka cusa a akwatin "baƙi" ɗin nan: ɗan Habasha, ɗan Senegal, ɗan Jamaika, har da wanda mahaifiyarsa Baturiya ce. Alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin gado. Sikila ma sawun zazzaɓin cizon sauro ta bi, ba launin fata ba, shi ya sa take Indiya da Saudiyya da Girka.

Wuri na biyu shi ne ƙididdiga, a nan kam ba na so a taɓa shi. A 2021, cikin kowace haihuwa 100,000 a Amurka, mata baƙaƙe kusan 70 suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa, farare kusan 27. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka gano na'urar da ake maƙala wa yatsa tana kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙe kusan ninki uku na yadda take kasawa a farare. Da ba a rubuta wane ne wane ba, wa zai gani? A Faransa, inda doka ta taƙaita tattara irin waɗannan bayanai, masu bincike na shan wahala kafin su auna giɓin. Abin da ƙididdigar ke kamawa shi ne yadda ake karɓar mutum, unguwar da aka tura shi, da ko an saurari kukansa.

Akwatunan kansu ofis ne ke zana su. Sai a Maris 2024 gwamnatin Amurka ta ware wa 'yan Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu gurbi. Kafin nan farare ake ƙirga su, matsalolinsu suna ɓacewa cikin adadin wasu.

Idan kin fara duba marasa lafiya, duk lissafin da ya nemi launin fata, ki tambayi abin da yake wakilta, ki auna shi kai tsaye: tarihin dangi, gwajin jini, aikin da mutum yake yi. A ƙoda, gwajin sistatin C, wani sinadarin jini da shi ma ake auna aikin ƙoda da shi, ba ruwansa da yawan tsoka.

Wassalam,
Yayanki a wannan aiki